Kiwon 'Yan Tsaki A Fadamar Rima: Abinci Mai Magani Ko Marar Magani?

Daga watan Satumba zuwa Oktoba, lokacin da damina ke ban kwana, iyalai da yawa a Augie da ƙauyukan gefen fadamar Gulbin Rima sukan fara neman 'yan tsakin kajin turawa. Niyyarsu ita ce su yi kiwo na wata biyu ko uku, su sayar wajen Kirsimeti da Sabuwar Shekara, sa'ad da kaza ke daraja. Wasu da kuɗin adashe suke saye, wasu ƙungiyar mata ce ke haɗa hannu, wasu kuwa buhun shinkafa suka kai kasuwa. Saboda haka in 'yan tsakin nan suka mutu, kuɗin makarantar yara na watan Janairu sun bi su ke nan.

Yawancin 'yan tsakin daga gidajen ƙyanƙyasa na kudu suke zuwa, musamman na wajen Ibadan. Sukan kwana a mota ta hanyar Kwantagora da Yawuri da Jega kafin su iso Birnin Kebbi ko Argungu, a gajiye, ba ci ba sha. Da mai kiwo ya karɓi kwalinsa, sai ya nufi shagon abincin kaji. To, a nan ne ake samun saɓanin ra'ayi. Wani ya ce sai abinci mai magani, in ba haka ba za su ƙare. Wani ya ce magani a cikin abinci ɓarnar kuɗi ce, ai kakanninmu da tsaki da dusa suka yi kiwo. Kowannensu yana da tasa gaskiyar, amma ba a kowane gida ba. Abin da zai raba gardamar shi ne a san irin maganin da ke cikin buhun, da cutar da aka yi shi dominta.

Wane magani ne a cikin buhun?

'Yan'uwa, abu na farko da za mu riƙe shi ne, maganin da ake sa wa abincin 'yan tsaki na cuta ɗaya ne tak. Cutar ita ce koksidiyosis, wadda masu kiwo suka fi sani da kashin jini. Ba ya hana cutar Niyukasal mai share kaji da hunturu. Ba ya hana Gumboro. Ba ya hana ƙyanda ta kaji, ba ya kuma kashe tsutsar ciki. Waɗannan kowace da nata rigakafin ko maganin. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin Niyukasal da na Gumboro, kuma wanda ya sayi abinci mai magani bai kuɓuta daga nemansu ba.

Wata ƙwayar cuta ce mai suna Aimeriya ke kawo kashin jini. Ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Akwai aƙalla iri bakwai da ke kama kaza, kowane iri da sashen hanjin da yake zama. Wani masani na Jami'ar Harvard a Amurka, Ernest Tyzzer, shi ya bayyana bambancin da yawa daga cikinsu a 1929. Irin da ke kawo jini ja a kashi yana zama ne a 'yan jakunkuna biyu da ke ƙarshen hanjin kaza. Sauran ba lalle su nuna jini ba, sai dai a ga kaza na ci amma ba ta girma. Wani bincike da masana a Ingila suka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa cutar tana jawo wa masu kiwon kaji na duniya hasarar fiye da fam biliyan 10 a shekara.

An fara sa maganin salfa cikin abincin kaji don hana ta a Amurka a 1948. Daga baya aka sami nikarbazin a 1955, da amfuroliyom a 1960, da monensin a 1971. Amfuroliyom shi ne wanda ƙananan masu kiwo suka fi sani. Yadda yake aiki kuwa shi ne, ya yi kama da bitamin B1 wanda ƙwayar cutar ke bukata don ta hayayyafa, sai ta ɗauke shi a madadin bitamin ɗin, ta rasa ƙarfi. Kaɗan ƙwarai ake sawa, giram 125 a cikin tan ɗaya na abinci. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Yadda cutar ke yaɗuwa

Kaza mai ɗauke da cutar tana zubar da ƙwayayenta a cikin kashi, dubbai a rana. Lokacin da suka fito ba sa iya kama kowa. Sai sun sami ɗumi da danshi da iska na kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan su nuna. In ɗan tsako ya tsince su a ƙasa ko a ruwan sha, sai su shiga bangon hanjinsa, su yi ta ninkuwa suna fasa shi. Cikin kwana 4 zuwa 7 shi ma ya fara zubar da nasa. Haka abin ke taruwa a ƙasan ɗaki, zagaye bayan zagaye. Shi ya sa cutar ta fi bayyana tsakanin mako 3 zuwa 6, daidai lokacin da mai kiwo ya fara murna cewa ya wuce haɗari.

Alamunta su ne, 'yan tsaki su taƙure wuri ɗaya kamar masu jin sanyi, gashi a tashe, fikafikai a sake, ido a lumshe, ba sa kula abinci, ga kashi mai jini ko mai majina.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a gane. Ɗan tsakon da ya haɗiyi ƙwayar kaɗan kaɗan, jikinsa yakan koyi yaƙi da ita, ya sami garkuwa. Wanda ya haɗiyi da yawa a lokaci guda shi ne ke kwantawa. Watau ba a neman a raba kaza da ƙwayar sam, don ba ya yiwuwa. Ana neman ne kada ta yi masa yawa kafin jikinsa ya yi ƙwari. Wannan shi ne aikin abinci mai magani: ya danne cutar, ya bar 'yar kaɗan ta wuce, har garkuwa ta samu.

Da wannan za mu gane dalilin da ya sa kazar gida da ke yawo da 'ya'yanta a tsakar gida ba ta cika fama da kashin jini ba. Fili yana da faɗi, rana tana gasa ƙasa, kashi yana bushewa da wuri. Shirwa da sanyi da Niyukasal su ne manyan abokan gabanta. Amma 'yan tsaki 100 da aka kulle a ɗaki ɗaya, suna ci suna kashi a wuri guda, labarinsu dabam ne.

Halin da muke ciki a nan

Ƙasar Augie da Argungu ƙasar ruwa ce da shinkafa. Damina na kankama daga Yuni zuwa Satumba, kuma Agusta ne ya fi ruwa. Ko bayan an ɗauke ruwa, gidajen da ke kusa da fadama sukan daɗe da laima a ƙasa da gindin bango. A shekarar ambaliya, kamar 2020 da ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi, abin ya fi tsanani. To, daidai wannan lokaci ne ake shigo da 'yan tsakin Kirsimeti. Ga ɗumi, ga danshi, ga cunkoso. Duk abin da ƙwayar ke so ya haɗu.

Amma kuma muna da wata dama da wasu wurare ba su da ita. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, aka kuma buɗe babban kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi, ga ƙananan injuna a garuruwa, ɓuntun shinkafa ya wadata. Ɓuntu busasshe shimfiɗa ce mai kyau ga ɗakin kaji, kuma kusan kyauta ake samunsa. Wanda ya iya amfani da shi ya yi rabin yaƙin.

Tambayoyi uku kafin ka biya kuɗi

Tambaya ta farko: an yi wa 'yan tsakin nan rigakafin kashin jini? Rigakafin yana nan, tun 1952 da wani malami mai suna Edgar ya fito da na farko a Jihar Alabama ta Amurka. Yau akwai irin su Immucox da Livacox. Ƙwayar cutar ce mai rai ake ba ɗan tsako, 'yar kaɗan a gwargwado, don jikinsa ya koya. In aka ba irin wannan ɗan tsako abinci mai magani, maganin zai kashe rigakafin, kuɗi biyu sun tafi a banza. Saboda haka wanda aka yi wa wannan rigakafi, abinci marar magani za a ba shi. Sai dai a yi hattara. In dillali ya ce "an yi musu allura", kada a tsaya nan. Allurar da aka saba yi ranar ƙyanƙyasa ta cutar Marek ce, wadda ba ruwanta da kashin jini. Ka tambaye shi sunan rigakafin, in da hali ya nuna maka takardar da ta zo da kwalin. Matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta biyu: a ina za su zauna, kuma su nawa ne? In 'yan tsaki ne masu yawa, hamsin ko ɗari, a kan daɓe ko ƙasa, da damina ko farkon kaka, ba a kuma yi musu rigakafin ba, to, abinci mai magani shi ne daidai. Haka in an taɓa yin kashin jini a ɗakin, domin ƙwayayen suna iya zama watanni a ƙasa mai laima, kuma yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa kashe su. Tafasasshen ruwa da wuta da bushewa su ke gamawa da su. Amma in 'yan ƙalilan ne, goma ko ashirin, a keji mai ƙasan waya inda kashi ke zuba ƙasa, ko kuwa suna bin uwarsu a fili da rani, marar magani ya wadatar, muddin mai gida yana sa ido.

Tambaya ta uku: kajin nama ne ko na ƙwai? Kazar nama kwananta kaɗan ne, mako 6 zuwa 10. In kashin jini ya taɓa ta sau ɗaya, ko ta warke ba ta cika kamo 'yan'uwanta ba kafin ranar kasuwa. Ita kariya take bukata daga farko. Kazar ƙwai kuwa, irin su Shikabrown da cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta fitar, za ta yi shekara da rabi ko fiye, don haka garkuwa ta fi mata muhimmanci. Ana ba ta mai magani tana ƙarama, a janye shi kafin ta fara ƙwai. Su kuwa irin su Noiler, da ake raino a ɗaki makonnin farko sa'an nan a sake su, mai magani na lokacin ɗaki ne. Da an sake su fili, bukatarsa ta ragu.

Da yawa daga cikin abincin farko na kamfanoni suna zuwa da maganin a ciki, ko da ba a rubuta shi da manyan baƙaƙe ba. Ka sa mai shago ya nuna maka a jikin buhu ko takardar da aka ɗinka a bakinsa ko akwai maganin koksidiyosis, da sunansa, da ranar da aka yi abincin. Kada ka ɗauka, ka tambaya.

Kurakuran da ke ɓata aikin

Na farko, kuma wanda ya fi yawa a ƙasar shinkafa, shi ne gauraya abincin kamfani da dusa don ya yi auki. Ku tuna da giram 125 ɗin nan a cikin tan guda. In ka zuba buhun dusa a kan buhun abinci, ka raba maganin biyu. Rabin magani ba ya danne cutar, sai ma ya koya mata jure shi. Bugu da ƙari, ka rage abin gina jiki, wanda ɗan tsakon nama ke bukatar kashi 21 zuwa 23 cikin ɗari a makonnin farko. Ɗan tsakon nama yana cin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a mako huɗun farko. Watau hamsin za su ci buhu 3 zuwa 4 masu kilo 25. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, gara ya sayi talatin ya ciyar da su sosai da ya sayi hamsin ya yi ta ha'inci da dusa. Araha ba ta ado.

Na biyu shi ne ba sauran dabbobi ragowar abincin. Monensin da 'yar'uwarsa salinomaisin guba ne ga doki da jaki da raƙumi, ko da kaɗan ne. A 2007 raƙuma wajen 2,000 suka mutu a Saudiyya, aka kuma gano salinomaisin a dusar da suka ci. Talo-talo ma salinomaisin na kashe shi. A gidan da jaki ke kwana kusa da rumbu, a ɗaure bakin buhu a sa shi sama.

Na uku shi ne ba kaji masu ƙwai abincin 'yan tsaki. Nikarbazin yana ɓata launin ɓawon ƙwai, yana kuma hana ƙyanƙyasa. Har ila yau yana rage wa kaza juriyar zafi, abin da ke da haɗari a nan daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40. Mai kiwon bazara ya san sunan maganin da ke cikin buhunsa.

Na huɗu shi ne yanka ko sayarwa ba tare da jira ba. Wasu magungunan suna bukatar a dakatar da su kwana 4 ko 5 kafin yanka, na salfa har wajen kwana 10. A bi abin da aka rubuta. Kazar da muka sayar, yaron wani ne zai ci ta, kuma haƙƙinsa yana wuyanmu. Wannan ya haɗa da al'adar nan ta zuba wa kaji kafso da sauran magungunan mutane a ruwa kullum wai don su yi ƙiba. Hakan na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani, a kaji da kuma a mutane. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana sa irin waɗannan magunguna a abincin dabbobi don ƙiba tun 2006, ko da yake sun bar na kashin jini.

Mai haɗa nasa abincin

Wanda ya zaɓi ya haɗa da kansa, da masara ko dawa, da ƙulin gyaɗa, da waken suya, da garin kifi, ya sani cewa nasa marar magani ne, sai ya ninka kula da tsabta. Kada kuma ya sayo garin magani ya barbaɗa da hannu, don ba zai gauraya daidai ba, wani ɗan tsako ya sami da yawa, wani ya rasa. Waken suya sai an soya shi ko an dafa an shanya, ɗanye yana hana girma. Dusar ƙananan injuna kuwa sau da yawa tana haɗe da ɓuntu, wanda hanjin ɗan tsako ba ya iya narkarwa, don haka kaɗan ake sawa. Sa'an nan a guji hatsi ko ƙuli mai funfuna. A 1960 'ya'yan talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa mai funfuna, daga nan ne aka gano gubar afalatoksin. Ita wannan guba tana raunana kaza har kashin jini ya fi samun ta.

Ƙasan ɗaki

Ko wane buhu ka saya, ga abin da ba ya canzawa. A shimfiɗa ɓuntu ko dusar katako mai kaurin yatsu huɗu a jere. Kowace safiya a ɗebi cikin hannu a matse. In ya warwatse da ka buɗe hannu, lafiya. In ya dunƙule, ya jiƙe, a kwashe wurin a zuba sabo. A ɗora mazubin ruwa a kan bulo, a riƙa ɗaga shi daidai bayan kaza yayin da suke girma, domin a gindinsa ne cutar ta fi taruwa. A wanke shi kullum. A bar iska ta ratsa ɗakin da rana. A ƙara musu wuri mako bayan mako. Kada a haɗa manya da ƙanana. A ajiye takalmi ɗaya na shiga ɗakin kaji kaɗai. Bayan an sayar da kaji, a kwashe shimfiɗar duka a kai gona, a bar ɗakin ya bushe mako biyu kafin a kawo wasu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In ta ɓulla fa?

Maganin da ke cikin abinci na tsaro ne, bai isa warkarwa ba, musamman da yake marar lafiya ya daina ci. Amma yana shan ruwa, shi ya sa a ruwa ake ba da magani. Ana ba da amfuroliyom kwana 5 zuwa 7, ko toltarazuril kwana 2, ga dukan garken. Lokacin da ake ba da amfuroliyom a dakatar da bitamin mai B1, don yana warware aikinsa. A sauya shimfiɗa ran nan. Sai dai kuma Gumboro ma a wannan shekarun take kamu, da farin zawo mai ruwa, kuma maganin kashin jini ba ya taɓa ta. Saboda haka a ɗauki wanda ya mutu sabo-sabo a kai asibitin dabbobi a Argungu ko Birnin Kebbi a buɗe cikinsa, ko a nemi malamin gona na hukumar KARDA. Likita na ganin hanjin zai faɗa maka ko wace ce. Kwana ɗaya na jinkiri yana iya cin kaji da yawa.

A taƙaice, 'yan'uwa, mai 'yan tsaki da yawa a ƙasa, kusa da fadama, waɗanda ba a yi wa rigakafin kashin jini ba, ya sayi mai magani, ya ba su shi zalla ba gauraye. Wanda aka yi wa nasa rigakafin, ko mai 'yan kaɗan a busasshen wuri, ya sayi marar magani ya sa ido. Dukansu biyu kuwa su riƙa duba ƙasan ɗaki kowace safiya. Ƙungiyoyin da ke kiwo tare su naɗa mutum ɗaya mai rubuta ranar zuwan 'yan tsaki, da sunan abinci, da ranar kowane rigakafi, a manna takardar a ƙofar ɗakin. Allah ya sa albarka a kiwon bana.